Wa'azin Fasto a Kujerar Mai Aski

Shagon Baba Duƙa ɗaki ɗaya ne tal, a matse tsakanin mai gyaran takalma da wata mata mai sayar da zare da maɓalli. Kujerar aski ɗaya ce a ciki, irin mai juyawar nan, ita ma ta daina juyawa hagu tun kafin a haifi autarsa. Akwai benci na masu jiran layi, da madubi mai tabon tsatsa a kusurwa ɗaya, da 'yar kanta inda almakashi uku suke kwance a jere bisa tawul, kowanne da aikinsa. Sunan kuwa bakinsa ne ya ja masa. Shekara arba'in yana tsaye a bayan ƙeyar mutane yana cewa "duƙa kaɗan", har yaran unguwa suka taso ba su san yana da wani sunan ba, shi ma ya gaji da gyara musu ya ƙyale su.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kuma abu ɗaya ya ƙi gada a wurinsa, wato surutu. An san masu aski da zuba, kanka na hannunsu bakinsu na kan labarin gari. Baba Duƙa shi saurare yake yi. Sai ka gama zubarka tas, ya kaɗe maka wuya da buroshi, sannan ya jefo maka magana ɗaya wadda za ka kai gida kana juya ta. Wasu sun yi fushi sun bar shagon saboda bakin nan nasa, amma yawanci sukan dawo, don babu mai iya gyaran ƙeya kamarsa a duk layin. Matarsa takan ce da ana dafa gaskiya a ci, da gidansu ya fi kowane gida ƙiba.

Shi da ita 'yan majami'ar da ke ƙarshen layin ne, mai rufin kwanon nan da in ruwa ya sauko sai mawaƙa su haƙura su jira. Bencin baya yake zama, dab da ƙofa, wai don iska.

Shekara ashirin da takwas da suka wuce aka kawo musu sabon fasto, matashi sabon aure, gashi cunkus a kai, ilimi cunkus a ciki. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, amma in ya hau bagadi saukowa sai wani ikon Allah. Ya ce "na farko", ya ce "na biyu", har a kai na tara, sannan ya ce "daga ƙarshe" sau uku. Tsofaffi na gyangyaɗi, jarirai na kuka, mata na tunanin tukunyar da ba su ɗora ba. A bakin ƙofa kuma kowa ya miƙa masa hannu ya ce wa'azi ya yi daɗi, domin babu mai son a ce daga bakinsa aka ji.

Wata Asabar Fasto ya shigo aski. Baba Duƙa ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya dubi kan, ya ce wannan ai aikin mutum biyu ne. Fasto ya yi dariya, sannan ya yi kuskuren tambayarsa yadda ya ga wa'azin makon jiya.

"Fasto, wa'azinka da gashinka duk ɗaya ne," in ji shi. "Mai kyau ne, sai dai ya yi yawa. A rage shi a ga fuskar."

Masu jira a benci suka sunkuyar da kai kamar su suka faɗa. Aka ci gaba da aski har aka gama gefe ɗaya. Can sai Fasto ya zaro wasu takardu ta ƙarƙashin ƙyallen, ya ce to ga na gobe nan, a haɗa da gashin a rage.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Kowace Asabar ƙarfe huɗu na yamma Baba Duƙa yakan sallami masu jira, ya janyo ƙyaure rabi, Fasto ya zauna, a ɗaura ƙyalle, wa'azi ya fara. Sharaɗin ɗaya ne: in an kwance ƙyallen wa'azi ya ƙare, ko ya kai ƙarshe ko bai kai ba. Abin da bai shiga cikin aski ɗaya ba, ba ya hawa bagadi. In Fasto ya fara kewaye-kewaye, sai ya ji almakashi ya yi ƙara sau biyu a iska kusa da kunnensa, ya san ya saki hanya. In ya kawo misalin da bai zauna ba, mai aski ya ce masa uwar yaransa, shi mai askin, ba za ta gane wannan ba, kuma in ita ba ta gane ba, to rabin majami'a ke nan ya tafi. Wani lokaci su yi ta musu a kan magana ɗaya, Fasto yana jawo aya, shi kuwa yana jawo abin da ya ji a bakin direbobi da teloli.

Babu wanda ya san da wannan sai matansu biyu. Jama'a dai sun ga wa'azi ya fara shiga kunne, suka ce Fasto ya girma. Da shekaru suka tura, sanƙo ya kama shi daga tsakiya yana cin gefe, aski ya ragu, wa'azi ma ya ragu, ƙaunarsa kuwa ta ƙaru a zukatan mutane. Har daga wasu unguwanni ake zuwa jin faston nan da zai yi maka maganar minti ashirin ta zauna maka mako guda. Baba Duƙa yana bencin baya yana jin ana yabo, bai taɓa cewa uffan ba. Shi dai ya san in Fasto ya iso wani wuri da suka gyara tare, yakan ɗan ɗago kai ya dubi wajen ƙofa, kuma wannan kallon ya ishe shi.

Ba su taɓa kiran abin abota ba. Shi "Fasto" yake cewa, Fasto kuma "Mai aski", ko a wajen biki ko a wajen makoki. Fasto ne ya ɗaura auren 'ya'yansa uku, shi ne kuma ya zauna da shi a barandar asibiti ranar da aka yi wa matarsa aiki. Da matar Fasto ta rasu, Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo ƙarfe huɗu kamar kullum, ya zauna bai buɗe baki ba. Baba Duƙa ya yi ta zagaya kan da almakashi kusan awa ɗaya ba abin da yake yankewa, har mutumin ya gama kukansa. 'Yar Fasto tilo, malamar asibiti, tana aure a wani gari mai nisa, ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta ya ƙi. Tun daga nan shi kaɗai yake kwana yake tashi a gidan da ke bayan majami'a, ba mai ganinsa kusa-kusa sai wanda yake riƙe kansa duk mako.

Shi ya sa Baba Duƙa ne ya fara lura. Wata Asabar Fasto ya kawo labarin wani mutum da ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa ya hana maƙwabta ɗiba, har ruwan ya kwanta ya yi wari. Labari mai kyau, sai dai mako uku da suka wuce ya ba da shi, a kujerar nan da kuma kan bagadi. Baba Duƙa ya tuna masa, suka yi dariya, suka ɗora wa tsufa laifi. Bayan wata guda ya tsaya a tsakiyar magana ya kasa kamo bakin zaren, sai da mai aski ya maimaita masa abin da ya faɗa yanzu-yanzu. Daga nan aka fara tsintar takardun wa'azi a kan benci bayan ya tafi, wata rana tabarau, wata rana mabuɗin gida. Baba Duƙa ya riƙa tattarawa yana kai masa da kansa, yana masa tsiya cewa saura kan ne kawai bai manta a shago ba.

Ranar da abin ya same shi a bagadi, wa'azin a kan gaggawa ne. Ya zo tsakiya lafiya lau, sai ya tsaya. Ya dubi takardarsa kamar wani ne ya rubuta ta, ya ɗago ya dubi wajen ƙofa, kuma wannan karon kallon na neman taimako ne. Majami'a ta yi tsit, har ana jin fanka. Baba Duƙa ya san abin da ke biye, don jiya-jiya ya ji shi: labarin wani magini ne da ya ɗora bulo kafin siminti ya kama. Bai san lokacin da ya ɗaga murya daga bencin baya ba.

"Haka ne, Fasto, kamar maginin nan."

Fasto ya cafke maganar kamar dama ita yake jira, ya ci gaba har ƙarshe. Mutane suka waiwayo suna mamaki, don shekara da shekaru ko "amin" ɗin Baba Duƙa ba a ji sai an kasa kunne.

Lahadin da ta biyo baya ya bar iskar ƙofa ya koma bencin gaba. Aka yi ta zolayarsa, wai tsufa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya fara neman shiri da Allah. Babban dattijon ikilisiya ma sai da ya tashi ya ba da misali da shi, ya ce matasa su dubi yadda ake bin wa'azi da zuciya ɗaya. Shi kuwa aiki ne ya ƙaru masa. Ran Asabar ya riƙa jan askin, yana sa Fasto ya maimaita wurare wai bai ji da kyau ba, alhali haddacewa yake yi. In ya koma gida ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi, gwiwoyin nan da tsayuwa ta cinye suna masa zugi, ya yi ta bitar wa'azin daga farko har ƙarshe, matarsa tana jinsa daga madafa. Ran Lahadi ya zauna a gaba ido a kan bakin Fasto, da ya ga ya fara lalube sai ya jefa masa kalma ɗaya ko biyu a cikin "haka ne" da "gaskiya ne". Fasto bai taɓa tambayarsa dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Haka suka yi shekara ɗaya da 'yan watanni.

Yana gaya wa kansa rufin asiri yake yi, kuma da gaskiyarsa, amma rabi. Ɗaya rabin shi ne ya san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Dattawa za su zauna, a yi wa Fasto godiya a sallame shi, 'yarsa ta zo da mota ta ɗauke shi, ƙarfe huɗu na Asabar ta zama awa kamar kowace awa. 'Ya'yansa sun watse kowa da gidansa, sa'o'insa rabi sun mutu rabi ba sa fita, a duk duniya mutum ɗaya ne yake zuwa takanas don ya ji abin da zai ce. Tsoron rasa wannan ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ya kori masu zuwa aski da dama saboda gaskiya, ga shi ya haɗiye ta shekara guda bai ko sha ruwa ba.

Abin da ya karya shi ba a bagadi ya faru ba, a bakin ƙofa ne bayan an tashi. Fasto yana tsaye yana gaisawa da mutane, sai ga matar kafinta, wadda shi da kansa ya binne mijinta wata biyu da suka wuce. Ya riƙe hannunta da fara'a, ya tambaye ta ina maigidan ya shiga ne kwana biyu ba a ganinsa, ya ce ta gaya masa akwai benci ɗaya da ke neman ƙusa. Matar ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta zare hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta wuce tana kuka. Na kusa suka yi cirko-cirko. Fasto ya ga alamar ya yi ɓarna amma bai san wace iri ba, ya juyo ya dubi Baba Duƙa irin kallon da yake masa a bagadi, yana jiran a jefo masa kalma. Wannan kuwa ba su yi bitarsa ba, babu abin da zai jefa masa.

A gida matarsa ta bari ya cire takalma tukuna.

"Kai ba shi kake rufa wa asiri ba," ta ce. "Abokin hirarka kake riƙewa. Shi kuma kana jira sai ya faɗi a gaban jama'a yara sun yi masa dariya."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya yi fushi ya ƙi cin abinci, ya ce ita me ta sani, ya fita ya buɗe shago ranar da ba ya buɗewa. Ya zauna a kujerar askin shi kaɗai har rana ta yi sanyi, yana neman inda maganarta ta karkace bai samu ba.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ran Asabar ya bari aka yi rabin kai, sannan ya ajiye almakashi ya tsaya inda za su ga juna a madubi. Ya faɗa masa duka, bai rage ba: labarin rijiya, da tabarau, da dalilin komawarsa bencin gaba, da matar kafinta. Ya ce lokaci ya yi da zai ga likita, kuma lokaci ya yi da zai sauka da mutuncinsa tun kafin a sauke shi. Fasto ya saurara fuskarsa tana canzawa. Ya tambaye shi tun yaushe mai aski ya zama likita, ya ce ashe shekarun nan duk kallon gazawarsa yake yi, ya fizge ƙyallen ya jefar a ƙasa ya fita da rabin aski. Tunda suke bai taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Baba Duƙa bai je sujada ba washegari, ya ce gwiwa ce. Matarsa ta dawo ta ce ranar mawaƙa ce, su suka cinye lokacin, Fasto addu'a kawai ya yi. Duk makon ya yi shi kamar mai zaman makoki, sai dai a ƙasan baƙin cikin akwai ɗan sauƙi, don ko ba komai ya sauke kayan.

Ƙarfe huɗu na Asabar sai ga Fasto ya turo ƙyaure da fara'arsa, takardu a hannu. Ya zauna, ya shafa kansa, ya ce lallai Mai aski tsufa ya fara kama shi, a dubi yadda ya bar masa gefe ɗaya kamar gonar da aka nome rabi. Baba Duƙa ya tsaya da ƙyalle a hannu. Babu fushi a fuskar mutumin, babu komai, an share maganar tas.

A nan ne zuciya ta raya masa cewa Allah ne ya dawo masa da abokinsa. Ya faɗa, ya fita haƙƙi, in mutum ya manta laifin wa? Ya ɗaura ƙyallen, wa'azi ya fara, muryar nan da ya saba tana cika ɗan ɗakin, kuma bai taɓa jin daɗinta kamar ranar ba. Ya bar shi ya yi nisa, yana jan almakashi a hankali don kada a gama. Amma fuskar matar kafinta ta ƙi barin idonsa. Ya ajiye almakashin ya sake faɗa masa daga farko. Wannan karon Fasto bai yi faɗa ba, hawaye ya yi. Ya riƙe masa hannu ya gode, ya ce ran Litinin da safe zai je wurin dattawa da kansa. Litinin ta zo ta wuce, dattawa ba su ga kowa ba.

Asabar ta uku ya tashi da ciwon kai. Sau biyu ya ɗauki kwaɗo zai rufe shago ya tafi gida, sau biyu yana ajiyewa. Da Fasto ya zo bai ma bari an fara wa'azin ba, yana ɗaura ƙyalle ya fara magana. Kalmomin sun riga sun saba da bakinsa, suna fitowa a jere ba gargada, muryarsa kuma a mace. Da ya gama, Fasto ya daɗe yana kallonsa ta madubi.

"Mai aski, yadda maganar nan take fita a bakinka, ba yau ka fara faɗa min ita ba, ko?"

"Na uku ke nan, Fasto."

"Na yi maka faɗa?"

"A na farko."

"To ka yafe min." Ya dafa aljihunsa ta kan ƙyallen. "Wayata tana aljihun rigata. Ciro ta ka kira min yarinyar nan yanzu, tun ina zaune. In na tashi daga kujerar nan zan sake sa ka wannan aikin, kuma na ga yadda yake cin ka."

Baba Duƙa ya ciro wayar. Ya san sarai abin da yake yi, motar da ya yi shekara guda yana tarewa ce yake kira da hannunsa. Yatsansa ya yi ta kuskure wurin dannawa, har Fasto ya ce masa ya bi a hankali, ba gudu za ta yi ba. Da ta ɗauka ya gaishe ta, ya ce mai askin babanta ne, ga baban nan zai yi mata magana, ya kara masa wayar a kunne ya riƙe har suka gama.

Cikin kwana uku ta iso. Aka je asibiti, aka zauna da dattawa, aka sa ranar ban kwana. Gidan bayan majami'a ya cika da masu zuwa gaisuwa da masu ɗaure kaya, har Asabar biyu suka wuce Fasto bai samu fitowa ba. Baba Duƙa bai leƙa ba, don ba ya son shiga cikin taro ya yi abin kunya. 'Yar Fasto ce ta zo shagon wata safiya, ta durƙusa ta gaishe shi ta yi godiya sosai. Da ta miƙe za ta tafi ta tsaya a ƙofa.

"Baba, da ka kira ni tun bara. Likita ya ce da an fara magani da wuri, da an ɗan ja masa lokaci."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma shi ya sa ta fi shigarsa. Ya ce mata haka ne, ya yi kuskure.

Ranar ban kwana majami'a ta cika har waje. Fasto ya karanta rabin shafi da suka rubuta shi da 'yarsa, bai ɗago kai ba har ya gama, kuma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Babban dattijo ya yi dogon jawabi yana yabon gajerun wa'azinsa. Mata suka yi kuka, maza suka yi ta gyaran murya. Matar kafinta ma ta bi layi ta yi masa sallama. Baba Duƙa yana bencin baya, wannan ne wa'azi na farko cikin shekara ashirin da shida da ya ji tare da kowa, bai riga su ji ba, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Washegari da hantsi yana share gashi a bakin shago sai ga motar ta biyo layin, kaya ɗaure a sama. Ta wuce kaɗan ta tsaya, ta dawo da baya. Fasto ne ya sa aka tsaya. Ya sauke gilashi ya leƙo, gashin bayan kunnensa ya yi tsawo, yana murna kamar mai zuwa yawon buɗe ido. Ya ce zai je ya ga jikoki ne, yarinyar nan ta matsa masa.

"Ka ajiye min ƙarfe huɗuna ran Asabar. Akwai wata magana da ta zo min jiya, ina so ka ji ta. Ban san ko ta zauna ba."

'Yar tana riƙe da sitiyari, ta dubi Baba Duƙa ta kan kafaɗar babanta, idonta cike da roƙo. Da ya so, da ya faɗi gaskiya karo na huɗu, bakinsa ai ya saba. Ya jingina tsintsiyar da bango, ya matso ya kama hannun da aka miƙo masa.

"Allah ya kai mu, Fasto. Ina nan."

Motar ta tashi, ya tsaya har ta sha kwana wajen majami'a, sannan ya koma ya ƙarasa shararsa.

Shekara biyu ke nan. An kawo sabon fasto, yaro mai hankali, a wani shago yake aski, wa'azinsa kuma ba laifi. Baba Duƙa yana nan yana cewa a duƙa kaɗan, sai dai ya rage jifan mutane da magana. An ce sabo ake yi wa kuka, shi kuwa ba ya ɓoye wa matarsa cewa yana kewar mutumin nan kamar ransa, har musun ma yana kewa. Wani lokaci 'yar takan kira ta ba su waya. Fasto yakan gaishe shi da ladabi irin na baƙo, ya tambaye shi iyali, ya sa masa albarka, ya tambaye shi iyali kuma. Kowane karo tambayar takan zo wa Baba Duƙa har bakin leɓe, ya ce Fasto, maganar nan da ta zo maka, wace ce? Bai taɓa yi ba, don ya san babu wanda ya rage da zai iya faɗa masa. Yakan ce dai iyali lafiya, ya riƙe wayar a kunne har sai an kashe daga can.